Kada a Waiwayi Filin da Aka Baro: Tarihin Wata Doka ta Matuƙan Ƙananan Jirage

Ranar 9 ga Yulin 1918, Manjo James McCudden ya sauka a wani filin jirgin soja da ke Auxi-le-Château a arewacin Faransa domin ya tambayi hanya. Daga Ingila ya taso, zai je ya karɓi shugabancin runduna ta 60 ta mayaƙan sama. Shekarunsa 23 kacal, amma ya riga ya kakkaɓo jiragen abokan gaba 57, an kuma ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan Birtaniya. Da bakanike ya fara aiki a sojan sama, saboda haka ya san inji ciki da bai. Da aka nuna masa hanya ya sake tashi, bai yi nisa ba injin jirginsa ƙirar S.E.5a ya fara tari, jirgin ya faɗa cikin itatuwan da ke gefen filin, ya rasu a daren. Shaidu sun saɓa a kan abin da ya faru a 'yan daƙiƙoƙin nan, amma labarin da ya bazu a tsakanin matuƙa shi ne ya yi ƙoƙarin juyowa filin da ya baro. Da wannan labari da irinsa masu yawa malaman tuƙi suka kafa wata doka da har yau ake karanta wa ɗalibi tun kafin a bar shi ya tashi shi kaɗai: in inji ya mutu kana cikin tashi, sunkuyar da hancin jirgi, ka sauka a gabanka, kada ka juya.

Fiye da shekara ɗari ke nan ana jayayya a kan wannan doka, masana lissafi kuma sun nuna cewa juyin yana yiwuwa a wasu yanayi. Duk da haka ni ina ganin tsofaffin malaman ne suka fi kusa da gaskiya, domin ba a yi dokar don bayyana iyakar abin da jirgi zai iya ba. An yi ta ne don mutumin da ke zaune a ciki, wanda zuciyarsa ta tsinke, ƙasa na kusanto shi, kuma yana da 'yan daƙiƙoƙi ƙalilan. Duk gyaran da aka yi mata daga baya, in aka duba da kyau, bai rushe ta ba, sai dai ya ɗauke shawarar daga sararin sama ya mayar da ita ƙasa, a yanke ta tun jirgi bai motsa ba.

A shekarun farko na tuƙin jirgi mutuwar inji ba abin mamaki ba ce, abin yau da kullum ce. Abin da ba a gane ba shi ne dalilin da ya sa jirgin da ke shawagi lafiya yake nitso da hanci farat ɗaya ya kama juyawa kamar katantanwa har ya caki ƙasa. A watan Agustan 1912 wani hafsan sojan ruwan Ingila, Wilfred Parke, ya faɗa cikin irin wannan juyi a Larkhill da jirgi ƙirar Avro. Ya yi duk abin da hankali ke cewa a yi, abin ya ƙi. Saura kaɗan ya kai ƙasa ya taka fedar wutsiya zuwa ɓangaren da ke adawa da juyin, nan take jirgin ya miƙe. Labarinsa na cikin na farko da aka rubuta dalla-dalla a kan yadda ake fita daga wannan tarko. Amma a watan Disambar wannan shekarar, yana tuƙa jirgin Handley Page daga Hendon zuwa Oxford, injin ya rage ƙarfi, ya yi kwana yana ƙasa-ƙasa a kusa da Wembley, gudun jirgin ya ragu, ya faɗi ya mutu tare da fasinjansa. Mutumin da ya san mafita bai samu tsayin da zai yi amfani da ita ba. Wannan shi ne tushen matsalar har gobe: fita daga juyin tana cin ɗaruruwan ƙafa na tsayi, wanda kuwa ya tashi yanzun nan ba shi da su.

Yaƙin duniya na farko ya mayar da abin darasi na dole. Samari masu yawa sun mutu a filayen horo tun ba su ga fagen daga ba. A 1917 Robert Smith-Barry ya buɗe makarantarsa a Gosport, inda ya juya tsarin koyarwa baki ɗaya. Da can ana hana ɗalibi kusantar duk abin da ke da haɗari. Shi kuwa sai ya sa malami da ɗalibi su hau sama sosai da jirgin Avro 504 mai sitiyari biyu, su jefa shi cikin juyin da gangan, su fito, su sake, malamin na magana da ɗalibin ta wani bututu da ke kai murya kunnensa. A shekarun nan ne kuma masanin kimiyya Frederick Lindemann ya yi lissafin juyin a Farnborough, ya koyi tuƙi, ya hau ya gwada lissafin da jikinsa. Daga wannan zamani sana'ar ta gaji abu biyu da ke tafiya tare: a can sama ka gwada komai har hannunka ya saba, a kusa da ƙasa kuwa kada ka gwada komai.

Dalilin dokar na cikin yadda fiffike ke aiki. Iska ce ke ɗaga shi, muddin tana bin bayansa a kwance. In aka ɗaga hancin jirgi har kusurwar da fiffike ke tarar iska da ita ta wuce wani mizani, sai iskar ta balle, fiffiken ya saki, jirgin ya nitse. Littafin Wolfgang Langewiesche na 1944, Stick and Rudder, kusan a kan wannan batu ɗaya aka gina shi, kuma har yanzu ana karanta shi. To, a lokacin tashi hanci na sama, gudu kaɗan ne, farfela ce kawai ke riƙe da lamarin. Da ta daina ja, gudun zai zube cikin 'yan daƙiƙoƙi in matuƙi bai tura sitiyari gaba ba, kuma tura hancin jirgi wajen ƙasa a lokacin da kake tsoron ƙasar abu ne da jiki ke ƙi. Sai kuma kwana. Jirgi ba ya kwana sai ya karkata, in ya karkata kuwa nauyin da fiffike ke ɗauka yana ƙaruwa. A karkatar digiri 45 gudun da fiffike ke saki a kansa yana hawa da kusan kashi 19 cikin ɗari, a digiri 60 da kashi 41. Matuƙin da ya ga ƙasa ta cika masa tagar gefe yakan ji tsoron ƙara karkata, sai ya danna fedar wutsiya don ya jawo hancin da sauri, yana kuma jan sitiyari baya ba tare da ya sani ba. Fiffiken da ke cikin kwanar ya fi na waje rashin gudu, shi zai fara saki, jirgin ya kife ta wannan gefen. Haka rahotannin haɗari suke bayyana abin tun zamanin jiragen katako da zane har zuwa na yau.

Littafin koyar da tuƙi na hukumar sufurin sama ta Amurka, FAA, ya daɗe yana kawo wani misali. Inji ya mutu a tsayin ƙafa 300. Matuƙi ya ɗauki daƙiƙa 4 kafin ya farga. Ya fara kwana a hankali, digiri 3 a kowace daƙiƙa, yana gudun kusan kilomita 120 a awa. Kafin ya fuskanci inda ya fito minti ɗaya ya wuce, kuma yana nesa da layin titin jirgin da ƙafa 4,200 a gefe, sai ya ƙara wata kwanar ta digiri 45. Jimilla daƙiƙa 79, jirgin kuwa na sauka ƙafa 1,000 a minti. Lissafin ya nuna yana bukatar ƙafa 1,316, alhali 300 gare shi. Ga kuma wani abin da ba a cika lura da shi ba. Jirgi yakan tashi ne yana fuskantar iska, wanda ya juyo kuwa iskar na bayansa. In jirgi na taɓa ƙasa da gudun 90 ana iska mai gudun 20, wanda ya sauka a gaba zai taɓa ƙasa da 70, wanda ya juyo da 110. Ƙarfin karo ba ya bin gudu ɗaya bayan ɗaya, yana bin gudun ne a ninka da kansa, saboda haka na biyun zai sha karon da ya ninka na farko kusan sau biyu da rabi. Ƙaramin jirgin da ya shiga gona ko ƙananan bishiyoyi a kwance, a hankali, yana hannun matuƙinsa, sau da yawa mutanen ciki suna fitowa da ransu ko da jirgin ya tashi daga aiki. Wanda ya caki ƙasa da hanci ba kasafai ake fita daga cikinsa ba. Garin ceton jirgi ake rasa rai, garin neman gira a rasa ido.

Masu suka suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Sun ce misalin na FAA ya zaɓi kwana mafi muni, domin kwana mai laushi tana cin lokaci, lokaci kuma shi ne tsayi. A farkon shekarun 1980 Brent Jett, wanda daga baya ya zama ɗan sama-jannati, ya gwada matuƙa a na'urar kwaikwayon tuƙi a kwalejin sojan ruwan Amurka, ya ga cewa da horo yawancinsu suna iya juyowa daga matsakaicin tsayi. A 1995 Farfesa David Rogers na wannan kwaleji ya wallafa lissafin da ya nuna hanyar da ta fi tsimin tsayi: a karkata digiri 45, a juya ta ɓangaren da iska ke fitowa, a riƙe gudu kashi 5 cikin ɗari kacal sama da inda fiffike zai saki. Da irin wannan karkata jirgi mai gudun kilomita 120 yana juya baya cikin kusan daƙiƙa 11, ba minti guda ba. Sun kuma nuna matuƙan jirage marasa inji, waɗanda ake koya wa juyowa daga ƙafa 200 in igiyar da ke jansu ta tsinke. Suka ƙara da cewa ƙididdigar haɗari tana da son kai, domin wanda ya juyo ya sauka lafiya ba ya shiga rahoto, sai wanda ya faɗi. Maganar ta yi tasiri har a 2018 FAA ta sa a cikin takardar jagorar da take ba malaman tuƙi cewa su koya wa ɗalibai lokacin da juyowa ke yiwuwa da yadda ake yinta.

Lissafin Rogers daidai ne, ba ni da ja a kansa. Amma a dubi abin da yake nema daga ɗan Adam. Kashi 5 cikin ɗari na gudun ƙaramin jirgi bai wuce kilomita 5 ko 6 a awa ba, wato motsi kaɗan na allurar agogon gudu. Ana so mutum ya riƙe wannan siririn tsakani yana karkace sosai, a kusa da ƙasa, ƙarar gargaɗi na kuka a kunnensa, wataƙila iyalinsa na zaune a baya. Wanda ke cikin na'urar kwaikwayo ya san injin zai mutu, jira kawai yake, ya kuma san zai koma gida ko ya faɗi. Jirgi marar inji kuwa an ƙera shi ne don shawagi, yana tafiya ƙafa 20 ko 30 ko fiye a kan kowace ƙafa ɗaya da ya sauka, alhali Cessna 172 ba ta wuce kusan 9 ba, kuma matuƙinsa kullum a shirye yake da tsinkewar igiya. Batun ƙididdiga gaskiya ne, sai dai ya shafi ɓangarorin biyu: wanda ya sauka a gona lafiya shi ma ba kullum ake jin labarinsa ba. Abin da rahotanni ke nunawa ba tare da shakka ba shi ne irin mutuwar, kuma iri ɗaya ce take maimaituwa.

Babban misalin darajar daƙiƙoƙin firgici ya zo ne daga babban jirgi. Ranar 15 ga Janairun 2009 jirgin US Airways mai lamba 1549 ya ci karo da garken dinya bayan tashinsa daga filin LaGuardia a New York, injinansa biyu suka mutu yana tsayin kusan ƙafa 2,800. Kyaftin Chesley Sullenberger ya duba komawa, ya ƙi, ya kwantar da jirgin a kogin Hudson, mutum 155 da ke ciki duk suka tsira. Masu bincike sun sa matuƙa sun maimaita tafiyar a na'urar kwaikwayo. Waɗanda suka juya nan take, a gwaji 15 sun kai fili sau 8. Da aka saka jinkirin daƙiƙa 35, gwargwadon abin da mutum ke bukata ya gane me ya same shi, jirgin bai kai ba. A ƙananan jirage ma haka abin yake. A watan Maris na 2015 injin tsohon jirgin da ɗan fim Harrison Ford ke tuƙawa ya mutu bayan tashi daga Santa Monica saboda wani ƙarfe da ya kwance a cikin kabureta. Ya juyo, bai kai titin ba, ya sauke jirgin a filin wasan golf da ke kusa, ya ji rauni sosai amma ya rayu. Bai ja hanci sama don ya tsawaita shawagin ba, kuma a ganina wannan haƙurin da titin ne ya cece shi.

Akwai wani binciken da ya fi duk waɗannan tona asirin lamarin. Hukumar binciken haɗarin sufuri ta Ostireliya ta duba rahotannin jirage masu inji ɗaya daga 2000 zuwa 2010. Ta samu sau 75 da inji ya mutu murus bayan tashi, ba a rasa rai ko sau ɗaya ba. Ta samu sau 242 da inji ya rage ƙarfi bai mutu gaba ɗaya ba, tara daga ciki an yi asarar rai. In da ƙarfin inji ne kaɗai ke raba rai da mutuwa, da akasin haka za a gani. Amma injin da ya yi shiru ya yanke wa matuƙi shawara, ba shi da zaɓi sai sauka. Wanda ke tari yana kamawa yana saki kuwa yana sa masa rai, ya ga kamar zai lallaɓa ya zagayo, yana ɗaga hanci kaɗan-kaɗan gudu na zubewa. Ba ƙwarewa ce ke kare mutum daga wannan ba. Richard McSpadden ya taɓa jagorantar tawagar Thunderbirds ta sojan saman Amurka, ya kuma shugabanci cibiyar kiyaye haɗari ta ƙungiyar masu ƙananan jirage, AOPA. A 2021 shi da abokan aikinsa sun gwada juyowar da jirage daban-daban, suka nuna cewa ƙananan masu sauƙi irin Super Cub da Cessna 172 suna iya kaiwa, mai nauyi irin Bonanza kuwa ya kasa. Ranar 1 ga Oktoban 2023 yana cikin wata Cessna 177 a Lake Placid tare da tsohon ɗan ƙwallon Amurka Russ Francis, injin ya rage ƙarfi bayan tashi, jirgin ya juyo, ya faɗi dab da titin, dukansu biyu suka rasu.

Abin da sana'ar ta tsaya a kai yau ya haɗa tsohuwar dokar da sabon lissafin, ya ba kowanne wurinsa. Kafin matuƙi ya shiga titi yakan faɗa da bakinsa, ko da shi kaɗai ne a jirgin: in abu ya lalace muna ƙasa, zan rufe mai in taka birki, in mun tashi akwai sauran titi, zan sauka a kai, in muna ƙasa da tsayi kaza, zan sunkuyar da hanci in zaɓi wuri a gabana, ɗan dama ko ɗan hagu, sai mun wuce wannan tsayin ne zan duba juyowa, kuma ta wannan ɓangaren. Makarantu da yawa suna sa tsayin a wajen ƙafa 1,000 ga jiragen horo, amma na gaskiya shi ne wanda mutum ya auna da jirginsa a can sama tare da malami, ya ƙara masa rara. Kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Jirgin da ke hawa a hankali yana nisa da fili fiye da yadda shawaginsa zai iya maido shi, ko da ya gama kwanar lafiya. Zafi da tudu da kaya duk suna rage hawa, saboda haka ɗalibin kwalejin tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ba zai ɗauki lambar da ya auna da sanyin safiyar hunturu ya yi aiki da ita da azahar ɗin Afrilu ba, balle a tsaunin Jos. Wasu jiragen, irin su Cirrus, suna da laimar da ke sauko da jirgin ɗungurungum, ita ma tana da tsayin da ƙasa da shi ba ta gama buɗewa, shi ma sai an faɗe shi tun a ƙasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saura suka ɗaya, kuma ita ce mafi nauyi. Lokacin da aka kafa dokar filayen jirgi ciyawa ce a tsakiyar gonaki, duk inda ka fuskanta akwai wurin sauka. Yau birane sun cinye gonakin. Me ake nufi da sauka a gaba in gaban rufin gidaje ne da makaranta da kasuwa? Mutanen Kano ba sa bukatar a yi musu bayani. Ranar 4 ga Mayun 2002 jirgin EAS ya kasa hawa bayan tashinsa daga filin Malam Aminu Kano, ya faɗa unguwar Gwammaja, mutum fiye da ɗari suka rasu, da na cikin jirgin da na cikin gidajensu. Babban jirgi ne, dalilan haɗarinsa ma daban ne, amma tambayar ɗaya ce. Ga matuƙin ƙaramin jirgi amsar tana nan a ƙasa: ya dubi taswira tun da wuri ya san ina fili yake, ina hanya, ina kwari, ya yi amfani da titin tun daga farkonsa, in ya ga babu mafita ko ɗaya a wannan ɓangaren ya nemi ɗaya ɓangaren, ko ya rage kaya, ko ya jira rana ta yi sanyi. Sauran amsar kuwa ba a hannunsa take ba. Hukumomin da ke raba filaye da ba da izinin gini a garuruwanmu su bar sarari a bakin kowane titin jirgi, ta gaba da ta baya, su hana gini a cikinsa, su kuma tsare shi daga masu yanka fuloti.